Ƙarfen Waƙa ta Uku

Belleville

Sanyi ne ya kai ni ɗakin karatun unguwar Belleville, ba son ilimi ba, gara in faɗi gaskiya tun da fari. Wata huɗu ke nan da saukata Paris daga Damagaram, a farkon shekarun dubu biyu, da sunan zan karanci ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin da na samu yana can ƙarƙashin rufin wani tsohon bene, hawa shida da ƙafa, kuma abin ɗumama ɗakin sai dai ya yi ta tari, ba ya zafi. Mai gidan ya rantse mini da kabarin uwarsa cewa a makon nan za a gyara. Har na bar ɗakin makon nan bai zo ba.

A ɗakin karatu kuwa akwai ɗumi, kuma ba mai tambayarka takarda. Sai dai in baƙin mutum ya zauna hannu rabbana yana gyangyaɗi, ido zai yi masa yawa. Akwai wani lungu da aka jera kujeru da abin sauraro na ɗorawa a kai, kowa ya zo ya ji faifan da aka saka. Na zauna na ɗora don kawai a ƙyale ni in yi barci. Wallahi ban yi barcin ba.

Ganga ce ta fara, busasshiya, ba ado, kamar ana daka a turmin da ba hatsi. Sai jita mai kaurin murya, wadda suke ce wa bas, ta shigo tana zagaya wuri ɗaya, ba ta gaba ba ta baya, har na ji ta a cikina. Can ƙaramar jitar ta faɗo, ita ba daɗin sauti take nema ba, karce kawai take yi. Mai waƙar ma ba rerawa yake ba, ihu yake irin na ɗan kamashon tasha in mota ta kusa tashi. Da Ingilishi yake yi, ban gane ko kalma ɗaya ba, kuma har yau ban nemi a fassara mini ba. Abin da na gane shi ne mutanen nan ransu a ɓace yake, amma maimakon su zauna su yi tagumi sai suka ce a tashi a taka rawa. Ni da na yi wata huɗu ina haɗiyar baƙin ciki ina cewa merci, wato na gode, sai ga waɗansu suna yi mini ihuna.

Waƙa ta uku ce ta gama da ni. A tsakiyarta komai yakan ja baya sai ganga da bas, sannan wani siririn ƙarfe ya shigo, kan-kan, kan-kan-kan, yana ratsa bugun gangar, ba ya taɓa sauka inda kake jiransa. Sak ƙarar maƙeran bayan gidanmu in mutum biyu suna dukan ƙarfe ɗaya, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Na maimaita waƙar har aka zo rufe wurin.

Kullum sai na koma. Matar da ke kula da lungun, Madam Odil, wata gajeriya mai furfura da tabarau rataye da igiya, ita ta gaya mini cewa waɗansu matasa ne su huɗu daga Lyon suka yi faifan da kansu, ba wani babban kamfani a bayansu, kuma salon kiɗan sunansa dance-punk. Ta ce ita kam ciwon kai yake sa ta. Waƙoƙi tara ne, a bangon an ɗauki hoton wata koriyar kujerar roba, ba ko fuskar mutum ɗaya. Da waƙa ta bakwai ta fara tsalle saboda karce, aka ce a fitar da faifan a zubar, sai ta ajiye mini shi a aljihun tebur. Ranar da ta ba ni ta ce in tafi da shi ko ta samu lafiyar kanta, tana dariya. Shi ne kyauta ta farko da aka yi mini a Faransa. Na nemi tsohuwar na'urar faifai ta aljihu a kasuwar gwanjo, daga nan muka zama ni da shi.

Karatun kuwa bai yi ba. Ba zan ɗora wa kowa ba. Da safe lakca, da yamma wanke-wanke a gidan abinci, in na buɗe littafi sai haruffa su yi ta iyo. Na faɗi jarrabawa, na maimaita, na sake faɗuwa. Ofishin baƙi suka ƙi sabunta mini katin zama, suka aiko takarda wai in bar ƙasa.

In koma ina? Innarmu ta riga ta gaya wa duk unguwar Birni cewa Lawalinta ya tafi koyo yadda zai kawo wa Damagaram ruwa. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin katifa.

Goutte d'Or

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in shiga ɗaya daga cikin shagunan talho na Goutte d'Or, in rufe kaina a ɗan akurkin katako, in kira Inna. Ita ba ta karatu ba ta rubutu, saboda haka ba wata hanya tsakanina da ita sai murya. Muryarta siririya ce, can sama, ga sauri. In mun gama gaisuwa, ina gajiya, ina sanyi, ina hidima, ina baƙunta, sai ta buɗe jakar labari: wanda ya haihu, wadda ta yi yaji, akuyar da ta shiga gidan liman ta cinye wa matarsa shanya, tsadar gyaɗar da take ƙuli-ƙuli da ita. Tana kwaikwayon muryar kowa. Nakan fito daga akurkin nan ina dariya ni kaɗai, Larabawan shagon suna kallona.

Da wannan kiran nake rayuwa daga Juma'a zuwa Juma'a. Sauran kwana shidan kuwa faifan ne ke riƙe da ni.

Clichy-sous-Bois

Kawu Haru ɗan ƙanen baban Inna ne, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya daɗe a Faransa, yana da katin zama na shekara goma da mata da 'ya'ya biyar a wani dogon bene a Clichy-sous-Bois. Shi ya ce in zo. Ya ba ni katifa a falo, ya kuma ara mini takardunsa in nemi aiki da su. Da na ce ai ba mu yi kama ba, ya girme ni nesa, sai ya yi dariya ya ce a idon anasara duk fuskarmu ɗaya ce. Ya ce aikin mai sauƙi ne, tsayuwa ce kawai. Na yi ta godiya har da durƙusawa. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma mai tsiraici ba ya zaɓe.

Aikin a wata masana'anta ne inda ake tara kwalaben da aka zubar, a fasa, a tace. Kamiyo ya juye kwalabe daga sama, su gangaro kan doguwar shimfiɗar roba mai tafiya, mu kuma muna tsaye gefe biyu muna tsince murafu da duwatsu da fasassun faranti. Ban san yadda zan kwatanta ƙarar wurin ba. Ka ɗauka duk kwalaben duniya ne suke fashewa a cikin kanka, awa takwas, ba numfashi. Akwai abin toshe kunne da shef, shugaban aikinmu, yakan raba in an ce masu bincike za su zo. In sun tafi ya tattara kayansa.

To ga inda na yi wa kaina. Na ce tunda dole in ji ƙara, gara in ji wadda nake so. Na zura wayoyin sauraro ta cikin riga, na cusa a kunne, na ja hula na rufe, na murɗa sautin har ƙarshe don ya danne kwalabe. Faifan ya ƙare ya sake, ya ƙare ya sake. Kuma, Allah ya gani, a nan na san faifan nan da gaske. Na gane waƙa ta biyu da ta shida 'yan uwa ne, bas ɗaya ne aka juya shi. Na gane a ta biyar mai gangar ya yi kuskure ya makara da bugu ɗaya, suka bar shi haka ba su gyara ba, kuma kullum in an zo wurin sai in ji daɗi kamar na haɗu da wani sananne a hanya. Ta takwas ita ce mai sanyi, mai ihun ya gaji, yana magana ƙasa-ƙasa, ganga kuwa ba ta tausaya masa ba, tana nan tana tura shi gaba. Hannuwana suna bin bugun, na fi kowa sauri a layin. Abokan aiki suna ce mini Haru mai rawa. Shef ya taɓa dafa kafaɗata ya ce da ma yana da irina goma.

Shekara ta biyu na fara jin kukan gyare a kunne, ko a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko a sallah. Na ce gajiya ce. Wani dattijo a masallaci ya ce in ɗiga man zaitun mai ɗumi, na ɗiga. Sai wata rana waƙa ta uku ta zo tsakiya, komai ya ja baya, na shirya hannuna ina jiran ƙarfe, bai shigo ba. Ganga da bas kawai, da fili a inda yake.

Na ce faifan ne ya tsufa. Na sake wayoyin sauraro, babu. Ranar hutu na hau jirgin ƙasa har Belleville na kai wa Madam Odil, na ce ta ji mini ko ya lalace. Ta saka a na'urarsu, ta ɗora abin a kai tana yamutsa fuska, sai na ga ɗan yatsanta yana buga tebur, kan-kan, kan-kan-kan. Ta miƙo mini ta ce ga shi nan ai, har cikin haƙoranta take jin sa. Na ɗora, na gyaɗa kai, na ce eh lallai, yanzu na ji. Ban ji komai ba. Na fito na zauna a bencin bakin titi.

Ba a yi wata biyu ba aka liƙa sanarwa cewa kowane ma'aikaci zai je ganin likitan aiki, har da awon kunne. Ni har na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai za a gaya mini abin da ke damuna. Da na faɗa wa Kawu Haru muna cin tuwo, sai ya tsame hannunsa daga kwano.

"Lawali, kunnen da za su auna, a takarda nawa ne," ya ce. "In suka rubuta Haru kurma ne, ni za a karɓe wa farmi, lasisin tuƙina. Ka dubi yaran nan. Ka rufa mini asiri yadda na rufa maka."

Na yarda. A falonsa nake kwana, da sunansa nake ci.

Aka sa ni a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, aka ɗora mini abin sauraro, aka ba ni maɓalli a hannu, in na ji ƙara in danna. Malamar asibitin tana zaune a bayan gilashin, ta gaji, mu talatin take da su a ranar. Ƙararrakin farko masu kauri ne, na ji su. Kuma na lura ba ta canza tazara, tana sakin su a kan bugu ɗaya, kafaɗarta tana ɗan motsawa kowane karo. Mutumin da ya yi shekara biyu yana ƙirga bugun ganga awa takwas a yini, wannan ai wasa ne. Da sirara suka zo, waɗanda ba na ji sam, sai na ci gaba da ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, danna. Ta fito tana murmushi ta ce, bravo Monsieur Haru, kunnuwanka kamar na jariri. Ta buga hatimi, washegari na koma kan kwalabe.

Ranar nan, da a ce na faɗi awon, da an ɗauke ni daga wurin ƙarar. Na sani. Da hannuna na danna maɓallin, ba wanda ya riƙe mini yatsa.

Daga nan abin ya yi ta tafiya bi da bi. Bayan ƙarfe sai ƙarar farantan da mai ganga ke kaɗawa ta ɓace. Sai karcen ƙaramar jita ya dushe. Muryar mai ihun ta koma kamar yana yi daga cikin rijiya. Duk abin da ya ɓace sai in ƙara murɗa sauti ina bin sa, ban san kora shi nake yi ba. Mutane suka fara cewa Lawali ya yi girman kai, a yi masa magana ya yi kunnen uwar shegu.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne akurkin Juma'a. Muryar Inna a can sama take, inda ƙarfen nan yake zaune. Da fari kalmomi ne suke tsere mini, in ce layi ne ba kyau. Daga baya sai na koma jin tashin muryar da saukarta kawai, ba kalma ko ɗaya. Amma gaisuwarmu ai sananniyar hanya ce, makaho ma zai bi ta. In muryar ta tashi ta tsaya, in ce lafiya lau. Ta sake tashi, in ce ba gajiya. Ta sake, in ce da godiya, alhamdu lillahi, za su ji. In ta yi tsawo in ce ikon Allah, in na ji alamar dariya in yi dariya. Kunya ta hana ni in ce wa uwata ɗan da ta tura neman ilimi ya rasa ilimin, ya rasa sunansa, yanzu ga kunne ma ya tafi. Shekara uku ina wannan ƙaryar, kowace Juma'a, da alwalata.

Da awon kunne na gaba ya zo, an canza wuri, an ce yanzu bango mutum yake fuskanta, na'ura ce ke sakin ƙarar yadda ta ga dama. Kawu Haru ya ce kada in kuskura in je. Ya karɓi takardunsa, ya ce ma dai falon ya yi wa yara kaɗan. Ban yi masa musu ba. Matarsa ta ƙulla mini dambun nama a leda, ba ta iya kallon idona ba.

Lyon

Abakar mutumin Cadi ne, mun saba a sahun masallacin Goutte d'Or kafin ya koma Lyon ya buɗe shagon kayan abincin gida a unguwar Guillotière. Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk "shi" ne a bakinsa, ga murya kamar ana mirgina ganga. Wannan muryar ce ta sa nake jin sa fiye da kowa. Ya ce in zo in riƙa jera buhuna da sharar shago, in kwana a ɗakin ajiya. Bai tambaye ni takarda ba, kuma da sunana yake kirana.

A bayan bangon faifan akwai adireshi da ƙananan haruffa, a Lyon. Na yi wata uku ina kallonsa kafin wata Lahadi in hau tudun Croix-Rousse in nemi gidan. Ban san me nake nema ba. Wani tsoho ya buɗe, na nuna masa koriyar kujera, ya yi dogon bayani ban kama ba, na miƙa masa biro. Ya rubuta cewa sun watse tuntuni, amma yarinyar cikinsu, Selin, tana gyaran kekuna a ƙasan layin.

Na same ta ranar Litinin, hannu duk baƙin mai, ta kai shekara arba'in. Da ta ga faifan sai ta rufe fuska da gwiwar hannu. Na roƙe ta ta riƙa kallona in tana magana, kuma a hankali. Ta ce ita ce mai gangar. Faifan bai sayu ba, kwalayensa sun yi shekaru a ƙarƙashin gadonta, sun rabu ba daɗi, mai ihun yanzu inshora yake sayarwa. Ta ce ba ta sake saurarensa ba, kunyarsa take ji.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata kada ta sake faɗin haka. Na gaya mata waƙa ta biyu da ta shida, na gaya mata bugun da ta makara a ta biyar. Ta zaro ido, ta ce sun yi faɗa kwana biyu a kan bugun nan, ita ta ce a bar shi. Na tambaye ta ƙarfen waƙa ta uku, wane irin kayan kiɗa ne. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba kayan kiɗa ba ne, guntun bututun ruwa ne da suka tsinta a ɗakin ƙasa inda suka yi ɗaukar, tana dukansa da sifana.

Ta ce in ba ta ta ji. Na miƙa mata wayoyin yadda suke, na danna. Ta yi tsalle ta fizge su daga kunne kamar kunama ta harbe ta. Ta dube ni, ta dubi inda na murɗa sautin, dariyar ta ɗauke. Ta tambaya tun yaushe nake ji a haka. Na ce shekara biyar, a kan ƙarar kwalabe. Ta wanke hannu, ta rufe shagon da tsakar rana, ta raka ni har wani asibitin da ke duba marasa takardu, ta tsaya sai da aka rubuta ni. Lawali aka rubuta.

A wannan karon ban ƙirga komai ba. Na riƙe maɓallin ina jira, shiru ya yi ta wucewa. Likitar ta zana mini layi a takarda, ya taho daidai sannan ya gangara kamar bakin kwari. Ta rubuta mini bayanin don kada in rasa ko ɗaya: abin da ya mutu ya mutu, ba magani ba tiyata. Injin kwalabe ya yi nasa, abin da nake cusawa a kunne ya ƙarasa. Za a nema mini na'urar ƙara ji, za ta taimaka in ina kallon bakin mutum, amma a talho, da siririyar murya, kada in sa rai. In kuma ina son ɗan abin da ya rage, in rabu da wayoyin nan yau.

Na rabu da su. Ihu bayan hari. An tambaye ni ko na tsani faifan, tunda da shi aka haɗa baki. Ban tsane shi ba, ko kaɗan. Shi ya tsayar da ni da ƙafafuna lokacin da ba abin da ke tsayar da ni, kuma ba shi ya murɗa sautin ba. Har yanzu ina da shi duka a kaina, daga gangar farko har shirun ƙarshe, da tsallen waƙa ta bakwai. In ina jera buhunan shinkafa nakan kunna shi a can ciki. Sai dai na fara shakkar ko yadda nake tuna shi haka yake, kuma ba ni da hanyar dubawa.

Juma'ar da ta biyo baya na ce wa Abakar ya zo bayan kantar shagon ya tsaya kusa da ni. Lokacin Inna ta samu salula, ni ma ina da tawa. Na kira. Muryar ta taso, 'yar siririya, can nesa, ta tsaya tana jiran lafiya lau. Na rufe ido na faɗa mata duka: karatun, takardun Kawu, kwalabe, likita. Na ce Inna, shekara uku ke nan ban ji kalma ɗaya daga bakinki ba, amsawa kawai nake yi, ki yafe mini. Sannan na miƙa wa Abakar wayar, don ko amsarta ba zan ji ba.

Ya gaishe ta, ya kasa kunne yana saurare. Ya daɗe. Na ga ya juya mini baya yana gyara gwangwanayen tumatir da ba su karkace ba. Da ya juyo sai ya matso da bakinsa kusa da fuskata.

"Shi ce shi sani," in ji Abakar. "Tun shekara uku. Ranar da shi gaya maka ƙanwarka Hadiza ya rasu wajen haihuwa, kai ka ce madalla, za su ji. Daga nan shi gane."

Hadiza ce ke bi na, ita ta raka ni tasha. Shekara uku ina aika mata gaisuwa ta bakin Inna.

Abakar ya ci gaba. Inna ta ce ta yi kuka a ranar, ta kuma hana kowa ya rubuto mini, don kada in ji a takarda in gane abin da na amsa. Tun daga ranar ba ta sake ba ni labari ba. Gaisuwa kawai take yi, in ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa daga farko, ina gajiya, ina sanyi, ina hidima, tana jan muryar tana saukewa daidai yadda zan iya amsawa, wani lokaci ta yi dariya don in samu abin yi wa dariya. Ta ce tunda na zaɓi in ɓoye, ba ita za ta tona ni ba, tana jiran ranar da zan faɗa da bakina. Ta ce labarai sun taru mata da yawa, in Abakar ba ya sauri.

Ya ce ba ya sauri. Ya jawo buhu biyu muka zauna, ya bar masu sayayya suna ƙwanƙwasa kanta. Ta yi ta faɗa yana juyo mini: jaririn Hadiza ya rayu, yana hannunta, har yana gudu. Liman ya rasu. An rushe maƙerar bayan gida an yi shago. Idonta na hagu ya yi yana. Duk a cikin muryar Abakar mai kauri, ba kwaikwayon kowa, ba dariyarta.

Da suka gama ya ce tana so ta yi mini sallama da kanta. Na karɓi wayar na danna ta a kunnen dama da hannu biyu, na daina numfashi. Muryar ta taso, ta yi ɗan tsawo, ta sauka, ta tsaya tana jira.

Na ce, "Inna, ban ji ba."

Ta sake faɗa, a hankali. Na ce ban ji ba. Ta sake.